Tiyar da Ake Auna Ɗan Lise: Tarihin Hanyar Jami'a daga Ƙasar Arewa

Gabatarwa

Kowace shekara, da zarar zafin bazara ya kankama aka shiga ƙidayar kwanakin da suka rage kafin jarrabawar bakaloreya, wadda kowa ya fi sani da bak, akwai tambaya guda da ke bin malaman lise har cikin zaurukan gidajensu: "Mushe, don Allah ka gaya mini gaskiya, yaron nan zai samu jami'a?" Mai wannan tambaya ba hira ta kawo shi ba. Amsar da ya ji ita ce za ta sa ya kai ragonsa kasuwa ko ya bar shi a turke, kuma ita ce za ta sa ya ce wa masu neman auren ɗiyarsa su dakata ko su turo magabatansu. Saboda haka kalmar da malami zai furta a wannan wuri amana ce mai nauyi.

Wanda ya saba da kasuwar hatsi ya san cewa kafin a yi gardama a kan yawan gero, sai an fara daidaitawa a kan tiyar da za a yi awo da ita. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, tiyar da ake auna ɗalibi da ita a ƙasarmu ta sake har sau huɗu cikin shekara ɗari da ƴan kai, amma da yawa daga cikinmu, iyaye da malamai, har yanzu da tsohuwar tiya muke awo. Za mu bi wannan tarihi ne daga ƙasar Arewa, wato ƙasar Arawa da ke kwance a Dallol Mawri, cikin gundumomin Dogon Dutsi da Tibiri na jihar Doso, muna tsaye a Ɗan Kassari, garin da ke bakin babbar hanyar kwalta tsakanin Dogon Dutsi da Birnin Ƙonni. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya.

Tiya ta farko: idon kwamandan

Haɗuwar farko da mutanen wannan yanki suka yi da Faransawa ba a cikin aji aka yi ta ba. A watan Afrilu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta auka wa Lugu, garin Sarauniya Mangu, wanda a yau yake cikin ƙaramar hukumar Ɗan Kassari, ta ƙone shi. Ƴan shekaru bayan haka Nasara suka kafa mazauninsu a Dogon Dutsi, a 1922 Nijar ta zama ƙasar mallaka mai gwamnanta, a 1926 kuma aka ɗauke babban birni daga Damagaram zuwa Yamai. Lakwal ta iso ne tare da haraji da aikin tilas da ɗibar soja, kuma ta hanya ɗaya suka shigo gari: kwamandan ya faɗa wa sarki adadin da yake so, sarki ya rarraba wa masu gari. Ba abin mamaki ba ne da iyaye suka riƙa ɓoye ɗiyansu a rumbu ko a daji, masu hali kuma suka riƙa tura ɗiyan barorinsu da marayu a madadin nasu.

Yaron da aka kama ta wannan hanya yana da tsani mai matakai huɗu a gabansa. Akwai lakwal ta gari, sai ta yanki, sai babbar firamare, wadda kafin a buɗe irinta a Yamai sai an tafi Wagadugu, sannan can ƙololuwa makarantar William Ponty a Senegal. An kafa wannan makaranta a Saint-Louis a 1903, aka mai da ita tsibirin Gore a 1913, daga baya kuma Sebikotan. Ita ce ta horar da Bubu Hama, wanda ya dawo gida a 1929 a matsayin malamin lakwal na farko ɗan Nijar da ya fito daga cikinta. Jori Hamani da Jibo Bakari duk sun bi ta can. Daga ƙasar Arewa akwai Mahamman Ɗan Dobi na Gesheme, wanda ya yi suna wajen rubuta wasan kwaikwayo kafin ya riƙe muƙamin minista.

Sai dai ya kamata mai karatu ya lura da abu guda. Ponty ba jami'a ba ce, kuma ba ta ba da bak. Malamai da akawu take fitarwa, da waɗanda za su wuce makarantar likitanci ta Dakar su zama mataimakan likitocin Nasara. Takardar da take bayarwa ba ta da daraja a Faransa. Don haka a wancan zamani, da za a tambayi malami ko ɗalibinsa zai samu jami'a, amsar ita ce babu ƙofar ma tukuna. Abin da ake aunawa shi ne kaifin hadda, da iya Faransanci, da ladabi a idon darakta da kwamandan, kuma adadin waɗanda za su wuce ya danganta ne ga yawan ma'aikatan da mulkin mallaka ke buƙata a wannan shekara.

Bayan yaƙin duniya na biyu ne rufin ya fara tsagewa. A 1946 aka soke aikin tilas, aka kuma ba mutanen ƙasashen mallaka matsayin ƴan ƙasa, sai hanyar lise da bak ta buɗe ga ƴan ƙalilan. A 1950 aka kafa cibiyar ilimi mai zurfi a Dakar, wadda ta zama jami'a a 1957. Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, yana cikin na farkon da suka ratsa ta wannan tsaga: Ponty, sai lise a Dakar, sai Paris, inda a 1956 ya ci babbar gasar malanta ta agrégation a kimiyyar fizik. A ƙarshen shekarun 1940 kuma ƴan mishan na Katolika suka zauna a Dogon Dutsi, makarantarsu ta ƙara yawan yaran yankin da suka kama alli.

Tiya ta biyu: buƙatar gwamnati

Ranar da Nijar ta samu ƴancin kai, 3 ga Agusta 1960, yaran da ke zuwa lakwal ba su kai kashi 5 cikin 100 na waɗanda suka isa shiga ba. Sabuwar ƙasa ce mai mutum kimanin miliyan 3, tana neman likita, da alƙali, da injiniya, da malamin lise, ba ta kuma da su. A irin wannan hali mai bak ya zama kamar ruwa a tsakiyar rani. Kwalejin Yamai, wadda ta zama Lycée National, daga baya Lycée Issa Korombé, ita ce mashigar kusan kowa. Wanda ya fito da bak a hannu, gwamnati ce ke nema masa gurbi a Dakar, ko Abijan, ko Faransa, ko Tarayyar Sobiyet, ta biya masa jirgi, ta ba shi bursu. A 1971 aka buɗe cibiyar ilimi mai zurfi a Yamai da ɗalibai kimanin ɗari, a 1973 ta zama Jami'ar Yamai.

Zamanin Janar Saini Kunce, daga 1974 zuwa 1987, ya zo daidai da lokacin da kuɗin uraniyum na Arlit suka shigo baitulmali. An gina kwalejoji a manyan garuruwa, ana ciyar da ɗalibai a makarantun kwana, ana ba waɗanda ke zaune a gari ɗan kuɗin alawus. Akwai kuma tsarin da ake kira programmation, inda hukuma ke rarraba masu bak bisa ga buƙatar ma'aikatu: wannan zai karanci noma, wancan likitanci, kuma kowa ya san ma'aikatar da ke jiransa tun bai gama ba. Ɗalibi ba shi da zaɓi mai yawa, amma ba shi da fargabar zaman banza.

A wannan zamani ƙuncin hanya yana can ƙasa ne, a ƙarshen firamare. Cin sartifika kaɗai bai isa ba, sai yaro ya ci gasar shiga ajin 6e, wato ajin farko na kwaleji, inda gurabe ke da iyaka. Bayan BEPC kuma hukumar rarraba ɗalibai ce ke duba maki da shekarun haihuwa ta ce wane ya wuce lise, wane ya tafi makarantar horon malamai. Ɗan Ɗan Kassari da ya tsallake waɗannan shingaye biyu ya shiga hannun gwamnati, talaucin gidansu bai cika tare shi ba. Ta haka ƙasar Arewa ta yi suna wajen fitar da malamai da sojoji da manyan ma'aikata, har ya zama da wuya ka shiga ma'aikata a Yamai ba ka tarar da ɗan Dutsi ba.

A nan ne wani lissafi ya kafu a zukatan mutane, cewa bak ita ce bursu, bursu kuma ita ce aikin gwamnati. Lissafin gaskiya ne a lokacinsa. Dattijon da ya ga ɗan maƙwabcinsa ya tafi da akwatin ƙarfe ya dawo da mota ba mafarki ya yi ba. Wannan ita ce tiyar da yawancin iyaye ke riƙe da ita har gobe.

Tiya ta uku: haƙuri da farar shekara

Tun farkon shekarun 1980 farashin uraniyum ya faɗi, bashi ya hau kan ƙasa, a 1983 Nijar ta shiga yarjejeniya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya. Masu ba da bashi suka ce kuɗin da ake kashewa a kan ɗalibin jami'a guda zai ilimantar da yaran firamare masu yawa, don haka a rage bursu, a rufe makarantun kwana, a daina ɗaukar kowa aiki kai tsaye. Kan wannan batu ne ɗalibai, a ƙarƙashin ƙungiyarsu ta USN, suka fito zanga-zanga ranar 9 ga Fabrairu 1990, aka buɗe musu wuta a gadar Kennedy ta Yamai, uku daga cikinsu suka rasu. Jinin nan yana cikin abin da ya kai ƙasa ga Babban Taron Ƙasa na 1991. A 1992 aka sa wa jami'ar sunan Abdu Mumuni, shekara guda bayan rasuwarsa.

Dimokuraɗiyya ta zo, amma baitulmali babu kowa. Malamai suka riƙa yin watanni ba albashi, yajin aiki ya bi yajin aiki, aka yi farar shekara fiye da sau ɗaya, wato shekarar da ake sokewa ɗungurungum kowa ya maimaita ajinsa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, littafin da ke zuwa daga Faransa ya ninka kuɗi. Waɗanda muka yi karatu a waɗannan shekaru mun san digirin shekara uku da ya ci shekara biyar ko shida. Ƙwazo bai daina amfani ba, amma abin da ya fi rarrabe ɗalibai shi ne wanda gidansu zai iya jira. Ɗan ma'aikaci ya jira, ko a tura shi Kwatano ko Lome. Ɗan manomi da yawa ya ɗauki jaka ya tafi cirani Sakkwato ko Legas, bai sake komawa aji ba.

Rufe makarantun kwana ya haifar da wani sabon mutum a tarihin karatun ɗan ƙauye, shi ne mai masauki. Yaron da ya ci shiga kwaleji sai ubansa ya ɗauko shi da ɗan buhun gero ya damƙa shi ga wani dangi ko aboki a Dogon Dutsi. In an dace da gidan kirki, to, madalla. In ba a dace ba, yaro ya zama mai ɗebo ruwa da kiwon awaki, yarinya ta zama mai daka da talla, karatu sai abin da ya samu. Babu wata takardar maki da ke nuna wannan, alhali ya fitar da yara daga lakwal fiye da duk wata jarrabawa.

Daga ƙarshen shekarun 1990 aka juya ga faɗaɗa ilimin tushe. Dokar LOSEN ta 1998 ta shata manufofin ilimi, shirin shekara goma na PDDE ya fara a 2003, aka buɗe makarantu a ƙauyuka da yawa, har da azuzuwan zana, aka kuma kai ƙananan kwalejoji kusa da manoma. Don a cike azuzuwan aka ɗauki dubban malaman kwantaragi, da albashi kaɗan, da yawansu kuma ba tare da cikakken horo ba. Yara sun shiga lakwal fiye da kowane lokaci a tarihi, wannan alheri ne da ba mai musunsa. Amma yawan da ke isa ajin 6e ba tare da sun iya karanta shafi guda sun gane ba shi ma ya ƙaru.

Tiya ta huɗu: ƙofofi da yawa, mashiga ɗaya

Jami'ar Yamai ita kaɗai ta ɗauki nauyin ƙasa kusan shekara arba'in, in ban da Jami'ar Musulunci ta Say da ta fara aiki a 1986, wadda ta buɗe hanya ga ɗaliban makarantun Faransanci da Larabci. A 2008 aka buɗe cibiyoyin fasaha na IUT a Maraɗi da Tawa da Damagaram, a 2010 aka kafa jami'o'i a waɗannan birane uku. A 2014 aka ƙara huɗu: Agadas, Difa, Tilaberi da Doso. Ɗan Arewa da a dā sai ya yi tafiyar fiye da kilomita 270 daga Dogon Dutsi zuwa Yamai, yau yana da jami'a a babban birnin jiharsa, wadda ta fi karkata ga fasahar sadarwa da kwamfuta, yana kuma da ta Tawa da ta Maraɗi ta gabas. Ga makarantu masu zaman kansu ga mai halin biya.

A nan akwai bambanci da maƙwabtanmu da ya kamata a fayyace, domin iyakar Najeriya tana kusa, iyaye kuma suna jin labarin can. A Najeriya, bayan ɗalibi ya samu kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, har da Ingilishi da lissafi, sai ya sake zama jarrabawar hukumar JAMB, wadda aka kafa a 1978, sannan kowace jami'a, kamar ta Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato, ta yanke makin da za ta karɓa. Mu kuwa tsarin Faransa muka gada, inda tun dokar Napoleon ta 1808 ake ɗaukar bak a matsayin matakin farko na digirin jami'a. Wanda ya ci ta yana da haƙƙin neman rajista, ko da yake wasu sassa da manyan makarantu suna tace masu shiga ta hanyar duba maki ko gasa. Ma'ana, a wurinmu ƙofar jami'a da ƙofar fita lise ƙofa ɗaya ce.

To, wannan ƙofa ɗaya ita ce mai ƙunci. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da miliyan 17 a Nijar, masu zama bak kuma sun taɓa haura dubu 80 a shekara, amma daga 2021 zuwa 2023 waɗanda suka ci ba su kai kashi 30 cikin 100 ba a kowace shekara. Wato a cikin ɗalibai goma da suka sha wahalar shekara goma sha uku har suka kai tarminal, bakwai suna komawa gida hannu rabbana. Waɗanda suka ci kuma bursu ba ta zama tilas gare su ba: hukumar ANAB tana duba maki da shekaru, wasu su samu bursu, wasu ɗan tallafi kawai. Aikin gwamnati a ƙarshen digiri kuwa ya daɗe da daina zama alkawari.

Yadda ya kamata a yi awo a yau

Idan aka fahimci wannan tarihi, za a ga cewa malamin da aka tambaya game da ɗalibi yana da abubuwa biyar da zai ɗora a kan sikeli kafin ya buɗe baki.

Na farko shi ne rubutu. Takardun bak na lise da Faransanci ake amsa su, har lissafi da kimiyyar halittu. Ɗalibin da ya haddace darasi amma ba ya iya gane abin da tambaya ke nema, ko ba ya iya jera hujja uku a shafi biyu, yana cikin haɗari ko da makinsa na aji ya yi kyau. A ba shi batun da bai taɓa gani ba, a ba shi awa huɗu, a karanta abin da ya rubuta. Wannan gwaji ya fi takardar maki faɗin gaskiya.

Na biyu shi ne sashen da yake ciki da nauyin darussa. Tun daga ajin 2nde hanya ke rabuwa, masu adabi su bi sashen A, masu kimiyya su bi C ko D. Mai bak A ba zai shiga likitanci ko aikin injiniya ba, kome son ubansa. Sannan kowane darasi yana da nauyinsa da ake ninka maki da shi. A ce darasi mai nauyi 5 ɗalibi ya samu 7 bisa 20, a wani mai nauyi 2 kuma ya samu 15. Wanda bai san lissafin ba zai ce tsakaicinsa 11 ne, ya wuce. Amma 35 da 30 sun zama 65, a raba da 7, abin da ya fito bai kai 9,5 ba. Ana cin bak da 10 bisa 20, wanda ya kusa kaiwa kuma a ba shi dama a zagaye na biyu. Don haka inda ɗalibi ke da ƙarfi ya fi yawan ƙarfinsa muhimmanci.

Na uku shi ne makarantar kanta. Maki 12 a ajin da aka gama manhaja ba ɗaya ba ne da 12 a ajin da malamin fizik bai iso ba sai watan Janairu, ko inda yajin aiki ya cinye wata biyu. Jarrabawa ɗaya ake yi wa ɗan Yamai da ɗan Ɗan Kassari, rana ɗaya, ba a kuma tambayar wanda ya taɓa ganin ɗakin gwaji. Malami ya san babi nawa aka tsallake a ajinsa, kuma bai kamata ya ɓoye wa uba wannan ba. Makin jarrabawar gwaji da ake yi kafin bak, musamman in malaman wata makaranta ne suka duba takardun, shi ne mafi kusa da abin da zai faru.

Na huɗu shi ne shekaru da takardu. Yaran karkara da yawa ba a yi musu takardar haihuwa ba, sai takardar alƙali da ke maye gurbinta, wani lokaci da shekarar da aka ƙiyasta da ido. Yaron da ya shiga lakwal a makare, ya kuma maimaita aji sau biyu, yana iya cin bak amma shekarunsa su hana shi bursu ko shiga wata gasa. Harafi guda da ya bambanta tsakanin sunan da ke kan takardar haihuwa da wanda ke kan BEPC ya isa ya tsayar da rajista. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Na biyar shi ne ciki da makwanci. Bak tana zuwa ne a farkon damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, uba kuma yana buƙatar hannu a gona. Ɗalibin da ke kwana a shagon mai masauki, yana bitar darasi a ƙarƙashin fitilar titi, ba daidai yake da mai ɗakinsa ba. Bayan an ci kuma akwai kuɗin mota, da rajista, da abinci na watannin farko kafin bursu ta fito, in ma za ta fito. A kan ƴa mace wannan nauyi ya ninka. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 76 cikin 100 na matan Nijar ana aurar da su kafin shekara 18. Dokar da aka sa wa hannu a watan Disamba na 2017 ta nemi a kare karatun yarinya har ta kai shekara 16, amma shekarun lise da jami'a suna gaba da nan. Yarinyar da ta kai tarminal daga ƙauye ta riga ta ci jarrabawar da ba a rubutawa, kuma sau da yawa faɗuwa ɗaya ce ake ba ta dama, alhali ɗan'uwanta namiji yana iya maimaitawa sau biyu. Malamin da zai yi magana a kanta ya tuna da wannan.

Maganar harshe

Duk wanda ya bi abubuwan nan biyar zai ga na farkon ne tushe, kuma ba a tarminal ake shuka shi ba. Yaron Ɗan Kassari yana shiga aji da Hausa cike da bakinsa, da tatsuniya da kacici-kacici da kirari, sai a rana ɗaya a nemi ya koyi karatu da rubutu da lissafi cikin harshen da ba ya ji a gida ko a kasuwa. Abdu Mumuni ya ja hankali a kan wannan tun a littafinsa na 1964 game da ilimi a Afirka. A 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko a Damagaram inda ake fara karatu da Hausa kafin a shiga Faransanci, amma shekaru da dama gwajin bai zama ruwan dare ba. An dakatar da jarrabawar sartifika kimanin shekara goma, aka maido ta a 2024. A watan Maris na 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki. Wannan mataki ne babba a takarda. Ranar da zai taɓa damar ɗan ƙauye ita ce ranar da aka samu littattafai, da malaman da aka horar, da yaron da ya iya karanta harshensa sarai kafin a ɗora masa na biyu. A matsayina na mai koyar da harsunan biyu, na ga cewa ɗalibin da ya iya tsara magana a rubuce da Hausa ba ya daɗewa bai iya tsara ta da Faransanci ba.

Kammalawa

Sunan Sarauniya Mangu yana rubuce a ƙofar wata lise a birnin Doso, amma ɗan ƙauyukan da ke kewaye da Lugu har yanzu sai ya bar gidan ubansa kafin ya zauna a ajin lise. A zamanin Nasara babu ƙofa, a zamanin Jori da Kunce gwamnati ce ke ɗaukar wanda ya tsallake, a shekarun 1990 mai iya jira ne ya kai, yau kuma ƙofofi sun yawaita amma nauyin tafiya ya koma kan gida. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Abin da ya rage gare mu malamai shi ne mu daina jiran watan Mayu na tarminal kafin mu yi awo. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. A auna yaro a ajin 6e, a ga ko yana karantawa ya gane, a sake auna shi a 3e kafin a zaɓa masa sashe, a duba takardunsa tun akwai lokacin gyara. Wanda hanyar jami'a ta yi masa nisa a gaya wa ubansa da wuri, a nuna masa makarantar horon malamai ta Mali Bero a Doso, ko makarantun kiwon lafiya, ko lise ta fasaha a Maraɗi, domin su ma hanyoyi ne na mutunci. Ƙungiyoyin al'adu da na ƴan asalin gari da ke Yamai da sauran birane kuwa, a cikin kuɗin da suke tarawa don bukukuwa, da za su ware wani abu su kama gida guda a Dogon Dutsi ko Doso inda ƴan mata goma za su kwana cikin aminci su ci abinci sau biyu, su kuma sayi littattafan tarminal da za a riƙa gada daga aji zuwa aji, da sun maido wa ɗan talaka wani ɓangare na abin da makarantar kwana ta ba iyayenmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya sa albarka a karatun ɗiyanmu, ya ba mu ikon faɗa wa iyayensu gaskiya a kan lokaci.